Ruma-fada da tsintsiyar Turai: darasi ga masu ciwon sukari da mata masu ciki

Da damina ta sauka a Bantama za ku ga ruma-fada ta fito a bakin kwata da bayan gidaje da filayen da ba a yi gini ba. Gajeriya ce, ba ta cika wuce gwiwa ba. Ganyenta ƙanana ne, furenta fari. In ka tauna ganyen, ɗaci za ka fara ji, sannan zaƙi ya biyo baya. A wasu wurare akan ɗaure rassanta a yi shara da su, don haka Turawa suke ce mata tsintsiya mai zaƙi.

Iyayenmu sun daɗe suna dafa ta saboda tari, zazzaɓi da ciwon ciki. Yanzu kuwa yawancin masu neman ta saboda ciwon sukari ne, kuma ba banza ba. Tun shekarun 1940 masu bincike a Indiya suka ware wani sinadari daga cikinta mai suna amelin, suka ce yana rage sukari. Daga baya an gwada ruwanta a kan ɓeraye, sukarinsu ya sauka. Amma ku lura: ɓera aka fi gwadawa, kuma da awo. Tukunyar da aka ɗora a gida ba ta da awo. Ta yau ta yi kauri, ta gobe ta yi ruwa-ruwa.

Ga inda hatsarin yake. In kana shan ƙwayar asibiti irin su Daonil, ko kana yin allurar insulin, an riga an auna maka abin da zai sauke sukarinka daidai. Ka ƙara ruma-fada a kai, ka sha magani biyu ke nan masu aiki ɗaya. An taɓa kawo mana wata dattijuwa tana gumi, tana magana ba kai ba gindi, 'ya'yanta na cewa iska ce. Da muka auna, sukarinta ne ya faɗi. Ta sha ƙwayarta da asuba, ta bi da kofin ruma-fada, ba ta karya kumallo ba. Ban ga laifinta ba, don ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take sha a gida.

Alamun faɗuwar sukari su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya da ruɗewa. In kuna da na'urar awo, duk abin da ya gaza 4 ya yi ƙasa. Mai iya haɗiya a dama masa sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa, a jira minti 15, a sake awo, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a kira 112, ko a kai shi asibitin Komfo Anokye, wato Gee, tunda yana nan kusa.

Akwai kuma wata shuka dabam da Turawa suke kira tsintsiya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Itace ne mai furanni rawaya da ke fitowa a Ingila, Jamus da Faransa. Ba dangin ruma-fada ba ne, dangin wake ne. Na kawo zancensa domin gida nawa ne a Kumasi ba su da ɗa a Jamus? Can ana sarrafa shi a yi shayi ko maganin ɗigawa na zuciya, kuma ɗan'uwa yana iya aiko da shi da kyakkyawar niyya.

Sinadarin da ke cikinsa sunansa sipatin. Wani masani, John Stenhouse, ya fara ware shi a 1851. Yana taɓa bugun zuciya, yana kuma matse mahaifa. Likitoci sun yi shekaru suna yin allurarsa don gaggauta naƙuda, har suka ga a wasu mata mahaifar tana ɗaurewa tamau ba ta saki, jariri ya rasa isasshen jini, wani lokaci mahaifar ta tsage. Sai aka daina. A shekarun 1970 aka gano dalili a Jamus: hantar wasu mutane, kamar 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa, ba ta iya narkar da sipatin da sauri, sai ya taru a jini. Awo ɗaya aka ba mata biyu, ɗaya ta haihu lafiya, ɗaya ta shiga uku. In likita mai sirinji ya kasa sanin wacce ce wacce, yaya mai tukunya? 'Yar'uwa mai ciki, kada ki sha shi, kada kuma ki sha wani jiƙo don naƙuda ta yi sauri. Mai hawan jini ma ya guje shi. Gubarsa takan fara da amai da jiri, ƙafafu su mutu, in ta yi yawa numfashi ya tsaya.

Ghana ba ta raina maganin gargajiya ba. Akwai cibiyar binciken itatuwan magani a Mampong-Akuapem tun 1975. In za ku sayi na kwalba a Kejetia, ku duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna a jikinsa. Ranar awo kuma ku zo da ganyen, ko kwalbar, ko kwalin da aka aiko daga waje, ku ajiye mana a tebur tare da katinku. Ba za mu yi muku faɗa ba. Muna so mu rubuta shi a katin kafin likita ya auna muku ƙwaya.