Yadda Ake Koya wa Na'ura Karatu da Murya Irin ta Mutum

Ina so in ɗan yi bayani a kan wani abu da na gani a hutun da ya wuce. Ina da wani kawu wanda ciwon ido ya makantar da shi. Yana da wayar hannu mai yi masa karatu, watau duk inda ya ɗora yatsa sai wata murya ta faɗa masa abin da ke rubuce a wurin. In saƙon Turanci ne ba wata wahala. Amma ran nan aka aiko masa da na Hausa, muryar ta karanta shi kamar Baturen da bai taɓa jin Hausa ba. Sau uku yana saurara bai gane ba, dole ya kira ni na karanta masa. Ashe maganar bashi ce tsakaninsa da amininsa, wadda bai kamata yaro kamata ya ji ba. Da na gama sai ya ce, "Ka ga ke nan ba ni da sirri." Wannan magana ita ta sa na shiga bincike.

Da farko dai, neman a sa na'ura ta yi wa makaho karatu ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1976 wani Ba'amurke mai suna Ray Kurzweil ya fito da injin da ake ɗora masa littafi ya karanta a bayyane. Daga baya aka sami manhajojin da ke karanta abin da ke kan fuskar kwamfuta, irin su JAWS da NVDA. Ita NVDA wasu makafi biyu ne 'yan Ostareliya suka gina ta tun daga 2006, kyauta kuma ake ba da ita. A 2009 wayar iPhone ta sami nata mai suna VoiceOver, wayoyin Android kuma suna da TalkBack.

To, ita muryar daga ina take fitowa? Hanya uku ake bi.

Hanya ta farko ita ce a ƙera sautin ta lissafi, ana kwaikwayon yadda iska ke bi ta maƙogwaro da baki. Wani masani a Amurka, Dennis Klatt, ya yi fice a wannan fanni, daga aikinsa ne aka yi na'urar DECtalk a 1984. Shahararren masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, da ya rasa muryarsa a 1985, da irin wannan murya ya riƙa magana har ya rasu a 2018. Kowa ya ji ta ya san inji ne.

Ta biyu, a ɗauki muryar mutum yana karatu na sa'o'i da yawa, a yayyanka ta gunduwa-gunduwa, sa'an nan a riƙa harhaɗawa. Ta fi ta farko daɗin ji, sai dai kamar rigar da tela ya yi wa faci ce, kunne yana gane wurin ɗinkin.

Ta uku ita ce ta zamani. A 2016 kamfanin DeepMind na birnin Landan ya fito da WaveNet. A nan kwamfuta ce ke sauraren magana mai tarin yawa, ta koyi da kanta inda ake ɗaga murya da inda ake saukarwa da inda ake tsayawa a numfasa.

Amma fa Hausa tana da tata wahalar. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ku dubi kalmar "gari": akwai garin da ake zama, akwai garin tuwo. "Wuya" akwai ta jarrabawa, akwai na rataya sarƙa. "Kuka" akwai na yaro, akwai ta miya. "Fari" kuwa yana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara. Har "ya tafi" ma tana iya zama labari, tana iya zama umurni. Mu da muka tashi da harshen, sauran kalmomin jimla ne ke nuna mana wadda ake nufi. Ke nan na'ura ba za ta karanta Hausa daidai ba sai ta lura da jimlar gaba ɗaya. Wannan kuwa sai an ba ta muryoyin Hausawa masu yawa ta koya. An dai kama hanya, domin a 2023 kamfanin Meta ya fito da muryoyin na'ura na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa a ciki.

Har wa yau akwai wani abin mamaki. Makafin da suka ƙware sukan saurari wayarsu da saurin da ya ninka maganar mutum sau biyu ko fiye, don su gama aiki da wuri. Da yawansu sun fi son tsohuwar muryar inji, saboda ko an ƙara mata gudu kalmominta ba sa cakuɗewa. Ashe zaƙin murya kaɗai bai isa ba. Murya tagari ita ce wadda ke faɗin kalma daidai, ta amsa nan take in an taɓa, ba ta kuma gajiyar da kunne. Don haka wajibi ne masu ƙera ta su nemi shawarar makafi, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga ƙarshe, mu ma muna da namu laifin. Da yawanmu in za mu rubuta saƙo ba mu sa lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ, ba mu sa aya ko waƙafi, kuma mu yi ta yanke kalmomi don ƙiwa. Wanda ya rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nufi, ya ɓatar da na'ura, ya ɓatar da mai saurarenta. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mu kiyaye ƙa'idojin rubutun da malaman Hausa ke koya mana, waɗanda ke sha'awar kimiyya kuma su sa wannan aiki a ransu. Babu wanda zai koya wa na'ura Hausa kamar mai ita. Fatana shi ne ranar da kawuna zai ji saƙonsa shi kaɗai, ba sai ya kira ni ba. Allah ya nuna mana, amin.