Matan Skutari: Abin da 'Yan Sa Kai Suka Tarar a Asibitin Yaƙin Kirimiya

Duk wanda ya taɓa jin sunan Florence Nightingale, abin da ke zuwa masa a rai shi ne mace riƙe da fitila tana zagaya majinyata cikin dare. Ni kuwa, 'yan uwana ɗalibai, abin da nake so mu duba shi ne aikin da ita da matan da suka biyo ta suka yi da rana, don a nan darasin yake.

A 1854 Ingila da Faransa suka mara wa Daular Usmaniyya baya a yaƙinta da Rasha. Fagen fama yana Kirimiya, amma sojojin Ingila da suka jikkata sai an ɗora su a jirgin ruwa, a tsallaka Bahar Aswad na kwanaki, kafin a kai su Skutari, wata unguwa a Istanbul. Asibitin tsohon barikin sojan Turkiyya ne. Nan Nightingale ta sauka a farkon Nuwamba 1854 da mata 38, wasu matan coci ne da suka sadaukar da kansu, wasu kuma nas-nas ne da aka ɗauko daga asibitoci.

Ba a yi musu maraba ba. Likitocin soja suna ganin mace ba ta da gurbi a wurinsu, ita kuma ta hana matanta taɓa majinyaci sai likita ya nema. Haka suka zauna suna ɗinkin katifu da naɗe bandeji, alhali suna jin nishin mutane a ɗakunan da ke kusa. Ku yi tunanin wannan: ka baro gidanku don ka taimaka, a ce maka zauna tukuna. Sai da raunanan gumurzun Inkerman suka fara kwararowa, wuri ya cika har baranda, sannan likitocin suka sauko.

To me suka tarar? Ɓeraye, ƙwarƙwata, ƙasa jage-jage da ƙazanta, mutane kwance cikin kayan da suka ji rauni a ciki. Sabulu da tawul da kwanon cin abinci duk sun yi ƙaranci. Mafi yawan aikin matan nan wanki ne da goge ƙasa da dafa abin da mara lafiya zai iya haɗiyewa da rubuta wa mai shirin mutuwa wasiƙa zuwa gida. Nightingale ta sayi burushin goge ƙasa, ta kama hayar gida ta mai da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki. Wasu daga cikin nas-nas ɗin cuta ta kashe su, wasu aka mayar da su gida. Ita kanta zazzaɓi ya kusa tafiya da ita a Mayu 1855.

Ga inda nake so ku natsu. Duk wannan wahala ba ta hana mutuwa ba a hunturun farko, ƙaruwa ma ta yi. Sojoji sama da 4,000 suka mutu a Skutari, kuma galibinsu ba harsashi ya kashe su ba, atuni ne da kwalara da taifot da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Ashe ginin yana zaune ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe.

A Maris 1855 gwamnati ta turo kwamitin tsafta, cikinsu har da injiniya Robert Rawlinson. Suka wanke magudanan, suka buɗe hanyoyin iska, suka kwashe mushe, har da na doki da aka samu a hanyar ruwan da asibitin ke sha. Bisa alƙaluman Nightingale, a Fabrairu sama da 40 cikin kowane majinyata 100 ke mutuwa. Zuwa Yuni abin ya dawo wajen 2. Gaskiya, wucewar sanyi da raguwar cunkoso su ma sun taimaka. Amma 'yan sashen injiniya da na lafiyar muhalli, kun ga dai aikinku ne ya cika abin da tausayi ya kasa. In damina ta zo kwatar bayan hostel ta toshe, ai ba sai na ƙara magana ba.

Abin da ke ba ni mamaki, a lokacin ba su yarda da batun ƙwayoyin cuta ba. Sun ɗauka gurɓatacciyar iska mai wari ce ke kawo ciwo. Fahimtar ba daidai ba ce, amma korar warin ta sa suka kori ƙazantar da ke kisa.

Bayan yaƙin, Nightingale ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi lissafin mamatan wata bayan wata. A 1858 ta fitar da wani zane mai kama da fure: ja na waɗanda rauni ya kashe, baƙi na sauran dalilai, shuɗi na waɗanda cututtukan da za a iya kaucewa suka kashe. 'Yan sashen ƙididdiga, ku nemo shi a intanet ku ga yadda shuɗin ya kusa cinye takardar.