Tsohon Kamu da Sabon Aiki: Ana Iya Goge Suna Daga Littafin 'Yan Sanda?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi mazaunin Unguwar Rimi a Kaduna. Ga abin da ya ce:

"Barista, barka da aiki. Shekara biyar ke nan 'yan sanda suka kai samame majalisar da muke zama bayan isha'i, suka kwashe mu, mu tara. Na kwana biyu a caji ofis, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka kai mu kotun majistare. Zama uku muna zuwa, mai gabatar da ƙara bai kawo shaida ko ɗaya ba, alƙali ya ce mu tafi. Ko takarda ban karɓa ba, don murna. Yanzu Allah ya ba ni aiki a wani kamfani a Ƙatar, sun ce in kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya sa a cire sunana daga kwamfuta. In ba shi?"

Ƙanena, kada ka ba shi ko sisi. Ɗayan biyu ne: ko dai ya cinye kuɗinka bai taɓa komai ba, ko kuma ya sa wani ya zare fayil daga inda yake, wanda laifi ne da zai iya kai ku biyun gidan gyaran hali. Ka ga an gudu gara an faɗa gidan zago. Kuma ko da ya zare, abin da ya ɗauke shi ne kariyarka, domin wannan fayil ɗin ne ke nuna ba a same ka da laifi ba.

Sai ka fara sanin cewa sunanka ba wuri ɗaya yake ba. Akwai littafin da ke kan kanta a caji ofis, inda aka rubuta ranar da aka shigo da kai da dalili, akwai kuma fayil ɗin ɗansanda mai bincike da bayanin da ka sa wa hannu. Akwai rajistar kotu, inda takardar FIR ɗinka, wato rahoton farko da 'yan sanda suka kai kotu, da rubutun alƙali suke. Sai rumbun bayanan masu laifi na rundunar jiha, da babban rumbun ƙasa wanda aka daɗe da saninsa a Alagbon, Ikoyi, a Legas, yanzu kuma ana aikin a Abuja ma. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, ACJA ta 2015, ta ce a rubuta duk wani kamu, a aika bayanin zuwa babban rumbun, sannan a aika hukuncin kotu cikin kwana 30 da yanke shi. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017 bisa wannan tsari. A nan gizo ke saƙa: labarin kamu yana da ƙafa, yana tafiya da kansa, amma labarin sallama sau da yawa yakan kwanta a cikin kabad ɗin rajistara har ƙura ta rufe shi. Mutum ya zama rabin labarinsa ne a rubuce, kuma rabin mara daɗi.

To ana gogewa? Gaskiyar da ba kowa ke son ji ba ita ce Najeriya ba ta da wata doka ta gama-gari da ke ba mutum damar cika fom a shafe masa tarihin kamu ko na hukunci. Wasu ƙasashe suna da ita. Ingila tun 1974 take da dokar da ke sa wasu hukunce-hukunce su faɗi bayan wasu shekaru, mutum ya daina ambatonsu a yawancin neman aiki. A Afirka ta Kudu mai ƙaramin laifi yana iya neman a shafe masa bayan shekara 10. Jihar Fensilbeniya ta Amurka ta yi doka a 2018 da ke rufe wasu bayanai da kanta ba tare da mutum ya nema ba. Mu kuwa a iya cewa baya muka ja. Sashe na 30 na tsohuwar dokar 'yan sanda ya ce wanda bai taɓa samun hukunci ba, idan kotu ta sallame shi ko ta wanke shi, a lalata hotonsa da zanen yatsunsa nan take ko a miƙa masa. Sabuwar dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na 2020 ta sauya lafazi: a adana su, tare da takardar wankewar, a ba shi idan ya nema. A ganina majalisa ta yi sake a nan, don babu dalilin da hukuma za ta riƙe yatsun wanda kotu ta ce ba ta same shi da komai ba. Amma ko a hakan akwai abin kamawa: doka ta ba ka ikon nema, kuma ta ce takardar wankewarka ta zauna tare da hotonka.

Saboda haka aikinka ba gogewa ba ne, ƙarasa labarin ne. Kuma daga kotu za ka fara, kafin caji ofis.

Je ka kotun da aka yi zamanku, ka nemi rajistara. Yawancin ƙararrakin majistare na cikin gari a harabar titin Ibrahim Taiwo ko ta titin Daura ake yinsu, to ka tuna wacce ce, da lambar kotun, da shekara da wata, da sunayen waɗanda aka gurfanar da ku tare, domin sau da yawa da sunan na farko a jeri ake buɗe fayil. In wanda ya tsaya maka beli yana da wata takarda a ajiye, karɓo ta. Ka rubuta takardar neman kwafi mai hatimin kotu, wanda lauyoyi ke kira CTC, na umarnin ƙarshe da alƙali ya bayar, in da hali har da rubutun zaman gaba ɗaya. Sashe na 104 na dokar shaida ta 2011 ya wajabta wa jami'in da ke riƙe da takardar hukuma ya ba da irin wannan kwafi idan an biya kuɗin da aka ƙayyade. Ka biya, ka karɓi rasit. Ka duba akwai kwanan wata, da suna da muƙamin wanda ya sa hannu, da hatimi. In ɗaya ya ɓace, ofishin jakadanci zai iya mayar maka da ita.

Idan ta zo hannunka, ka zauna ka karanta a tsanake, ko ka kai wa lauya, don "ku tafi" ɗin da ka ji daga bakin alƙali yana da fassara fiye da ɗaya. Idan an rubuta an sallame ka an kuma wanke ka, magana ta mutu; sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da kai kan wannan laifin. Idan kuwa korar ƙarar aka yi saboda masu ƙara sun yi sakaci, wanda daga bayaninka shi na fi zato, to an sallame ka ne kawai, kuma a ƙa'ida ana iya dawo da ita, ko da yake bayan shekara biyar babu shaida da wuya a yi. Duk da haka ba ka da hukunci a kanka, kuma shi ne abin da mai ɗaukar aiki ke son sani. Mafi muni shi ne ka tarar ba a rufe komai ba: an ɗage zama ne ana jiran shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a, ku kuma kuka ɗauka an gama. Na sha ganin haka. Mutum yana yawonsa da ƙara a buɗe, wani lokacin har da sammacin kamu na rashin halarta, bai sani ba. Tsugunne ba ta ƙare ba ke nan. In haka ka tarar, lauya zai nemi a dawo da fayil gaban alƙali a kori ƙarar, ko ya rubuta wa Antoni Janar na jiha, wanda sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon janye ƙarar laifi kafin hukunci.

Da kwafin a hannu, sai ka rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, a hedikwatarsu da ke titin Bida, ka ba DPO na ofishin da aka tsare ka kwafi. Ka haɗa da hukuncin, ka nemi abu biyu: a shigar da sakamakon shari'ar cikin bayananka a aika babban rumbu, kuma a ba ka bayanan da dokar 2020 ta ce a ba ka. Ka je da kwafi biyu, a buga maka tambarin karɓa a ɗaya ka dawo da shi gida. Kada ka je kai kaɗai in kana da fargaba. Ka tafi da lauya ko wani babba.

Wasu za su ce maka ka yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, mai ba hukuma kwana 7 ta amsa, ko dokar kare bayanan jama'a ta 2023, mai ba mutum ikon gani da gyara da neman shafe bayanansa. Ba laifi a ambace su cikin wasiƙa, amma kada ka jingina da su da yawa, don dukkansu sun bar wa masu binciken laifi ƙofar fita.

Daga nan sai ka nemi takardar shaidar halin. Ta shafin POSSAP na 'yan sanda ake cikewa a intanet a biya, sannan a je a ɗauki yatsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, to kada ka bari sai biza ta matso. Idan ta fito fes, shi ke nan. Idan wani abu ya bayyana, ga kwafinka na kotu.

Wani gargaɗi da ya fi duk abin da na faɗa tsada: ka karanta tambayar da ke kan fom da kyau. "An taɓa yanke maka hukunci?" daban take da "An taɓa kama ka?" Ta farko amsarka a'a ce, kuma gaskiya ka faɗa. Ta biyu amsarka e ce, sai ka yi bayani ka liƙa takarda. Fom ɗin bizar Amurka yana tambayar kamu ko hukunci ko da an yi wa mutum afuwa, kuma ƙarya a kansa tana jawo haramci na har abada. Birtaniya kan hana shekara 10. Kamun samame da aka kori ƙararsa ba kasafai yake hana biza ba, ɓoye shi ne ke hanawa.

Ga masu karatu da nasu ya wuce kamu ya kai ga hukunci, hanya biyu ce: ɗaukaka ƙara, ko afuwa. Gwamna ke yin afuwa kan laifin dokar jiha a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki, bayan shawarar kwamitin jinƙai, shugaban ƙasa kuma kan na tarayya a sashe na 175. Nauyinta ba kaɗan ba ne. A 1999 Olu Falae ya ƙalubalanci zaɓen Obasanjo da hujjar an taɓa yanke masa hukunci, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwar da gwamnatin Janar Abdulsalami ta yi masa ta kankare abin. Sai dai afuwa tana ɗauke illar hukunci ne, ba ta yaga shafin littafi.

Saura hoto. Da yawan matasanmu ba rumbun Alagbon ne ke hana su aiki ko aure ba, hoton da aka ɗauke su zaune a ƙasa ba riga aka watsa a Facebook ne. Iyayen yarinya ba sa zuwa Legas bincike, waya suke dubawa. In kana da irin wannan, ka aika wa jaridar ko mai shafin kwafin hukuncin, ka nemi su sauke ko su buga gyara. In sun ƙi, ko kana ganin kamun ma tun asali ba bisa ƙa'ida aka yi shi ba, kana iya zuwa Babbar Kotu neman haƙƙinka na ɗan'adam. Sashe na 35 na tsarin mulki ya tanadi diyya da neman gafara a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa doka ba, kuma ƙa'idojin irin wannan ƙara na 2009 sun ce daɗewa ba ta kashe ta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, duka suna nan Kaduna.

Ƙanena, kuɗin da ka ware wa mai cire suna, ka cire na kwafi da na mota a ciki, ka kasance a ofishin rajistara ranar Litinin da safe. In ka karɓo takardar, ka yi kwafi uku, ka ɗauki hotonta a waya, kuma ka gaya wa sauran takwas ɗin da aka kwashe ku tare su je su karɓi nasu.