Jakar kyamara ga mai zuwa Bana a kan keke

Wanda zai tashi daga Gaya a kan keke ya nufi Bana ɗaukar hoto, kafin ya tsaya duba girman jaka ko kyanta, ya fara sanin inda kyamarar za ta zauna. Ni dai shawarata, a jikinka, ba a kariyar keke ba. Da ka sauka daga kwalta ka hau burji, duk gargadar hanya ƙarfen keke ne zai kwashe ta ya miƙa wa abin da aka ɗaure masa, kuma gilasan da ke cikin kyamara ba sa jure wannan jijjiga. Jikin mutum kuwa yana shanye ta, don gwiwa da ƙugu suna lanƙwasawa.

Amma ba kowace jakar jiki ba. Babbar jakar goyo azaba ce a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40: baya ya jiƙe sharkaf, gumi ya ratsa yadi. Nemi ƙaramar jakar ƙugu, ko ta rataye mai ɗamara ta biyu da za ta hana ta zamowa gaba in ka duƙa. Kyamara ɗaya, gilashi ɗaya, batir na ko-ta-kwana, tsumma mai laushi, sun isa. Ruwan sha, famfo, kayan faci da sandar kyamara mai ƙafa uku, su ne na kariya.

Abin da baƙi ba su cika lura da shi ba shi ne gishiri. Bana tana kwarin Foga, inda da rani ake kankare ƙasa mai gishiri, a tace ruwanta, a dafa har ya daskare. Wurin ya cancanci hoto ƙwarai, ga kuma giginyu jere a bayansa. Sai dai ƙurar wurin da tururin tukwane suna cin ƙarfe. Zif ne ke fara mutuwa: ya cika da ƙura, ya cije, ka ja da ƙarfi ya tsage. Shi ya sa na fi son jakar da ake nannaɗe bakinta a ƙulle, irin ta Ortlieb ta Jamus. Kada ka ajiye ta a ƙasa, kada ka sauya gilashi a fili, ka kuma goge hannunka kafin ka buɗe ta.

Irin wannan bakin da ake nannaɗewa shi ne maganin damina ma. Yankin Gaya ya fi ko'ina ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, hadari kuma ba ya sallama.

In ba ka da jakar kanti, ba ka rasa ba. Kai jaka mai ƙwari wurin maɗinki a kasuwar Gaya ya shimfiɗa mata soson katifa mai kaurin yatsa biyu, ƙasa da gefe, sannan ka sa kyamarar cikin leda mai kauri.

Guji jaka mai launin kayan soja. Nan iyaka ce, Binin da Najeriya duk kusa, kuma tun Yulin 2023 tsallaka gadar Gaya zuwa Malanbil ya dagule. A shinge, gaida jandarma, ka buɗe jakar da kanka kafin ya ce. Gada, ofishin duwan da barikin soja, kada ka ɗauke su hoto. A Bana kuma fara da gaida mai gari, kuma ka nemi izinin masu dafa gishiri kafin ka fito da kyamara.