Daga Adaka Zuwa Kwamfuta: Nazari a Kan Aikin Abdulƙadir Haidara na Tambutu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba aikin wani ma'aikacin laburare na ƙasar Mali, Abdulƙadir Haidara, domin a nuna cewa ɗaukar hoton tsohon littafi rabin aiki ne kawai, sauran rabin kuwa yana wuyan manazarta.

2.0 Ceton Littattafan

An haifi Haidara a Tambutu a 1964. Ya gaji littattafan hannu na mahaifinsa, Mamma Haidara, sannan ya shafe shekaru yana yawo ƙauye-ƙauye yana tattaro wa Cibiyar Ahmad Baba irinsu. A 1996 ya kafa ƙungiyar SAVAMA-DCI don taimaka wa gidajen da ke da littattafai.

Da 'yan tawaye suka kama Tambutu a 2012, sai shi da abokan aikinsa suka riƙa zuba littattafan cikin adakoki, suna fitar da su a ɓoye, wasu ta mota, wasu ta kwale-kwale a Kogin Kwara, har zuwa Bamako. An ƙiyasta cewa kimanin 350,000 aka fitar. A watan Janairun 2013, waɗanda suka mamaye garin suka ƙona kusan 4,000 daga cikin waɗanda suka rage a Cibiyar Ahmad Baba.

3.0 Ɗaukar Hoto da Yaɗawa

A Bamako sai aka yi gudun gara aka tarar da zago, domin takardar da ta saba da busasshiyar iskar hamada ba ta jure laima. Wannan ya ƙara gaggauta ɗaukar hoton littattafan, wanda aka yi da haɗin gwiwar Laburaren Hill da ke jihar Minesota ta Amurka. Akan shimfiɗa kowace warƙa a ɗauke ta gaba da baya, a ba ta lamba, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam. A 2022 kamfanin Google ya sa shafuka sama da 40,000 a intanet cikin shirin Mali Magic.

4.0 Matsalar Fihirisa

Sai dai kyamara ba ta karatu. Galibin littattafan nan warƙoƙi ne sake, ba ɗinki, kuma da yawa ba su da sunan mawallafi ko shekara. Dole wani ya zauna ya gane hannun rubutun, ya bambance mawallafi da mai kwafa, ya karanta bayanan gefe, waɗanda wani lokaci da ajami ake yin su. Hoton da ba a shigar da shi fihirisa ba, babu mai nemo shi. Bambancinsa da littafin da ke ƙulle a adaka kaɗan ne.

5.0 Kammalawa

Lamarin nan bai yi nisa da mu ba. Kakan Ahmad Baba ya koyar a Kano tun ƙarni na 15, kuma akwai ɗimbin littattafan Larabci da ajamin Hausa a Arewa House ta Kaduna da gidajen malamai a Sakkwato, Kano da Katsina. Gara da laima ba sa jiran kowa. Saboda haka ya kamata ɗalibin Hausa ya ɗauki koyon karatun ajami da muhimmanci daidai da na boko, domin idan an kawo kyamara, shi za a tambaya abin da warƙar ta ƙunsa.