Ina anka san labarin garuruwan da?

Ƴan uwa, duk wanda ya taɓa yawo cikin dajin Adar ya ga kufai. Wuri ne fili, ba gida ko ɗaya, amma ƙasa cike da tsingaro, ga kashin maƙera, ga tsohuwar rijiya da ta rufe. In ka tambayi tsoho, sai ya ce: nan gari ne da. To wane gari? Su wa sunka zauna cikinsa? Yaushe ya tashi? Masana tarihi ba duba suke yi ba. Shaidu suke nema, kamar yadda alƙali ke yi kafin ya yanke shari'a.

Shaida ta farko takarda ce. A shekarar 1353 wani matafiyi ɗan Maroko, mai suna Ibn Battuta, ya sauka wani gari da ake kira Takadda, yamma da Abzin. Da ya koma gida ya bada labari, anka rubuta da Larabci. Ya ce gidajen garin da jan dutse anka gina su. Ya ce mutanen garin na narka jan ƙarfe, su yi shi sanda-sanda, kuma shi ne kuɗinsu. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da mai. Ya ce ana kai wannan ƙarfe har Barno da wata ƙasa da masana sunka gane Gobir ce. Ashe sunan Gobir shina cikin littafi tun fiye da shekara 600.

Amma fa Takadda ta ɓace. An daɗe ana gardama ko ina take. Nan ne shaida ta biyu ta shigo, wato ƙasa da kanta. A shekarun 1970 masu bincike sunka yi aiki a kufan Azelik, arewa da Ingal. Sunka tarad da tushen gidaje na dutse, da masallatai, da kaburbura, da alamun narkar jan ƙarfe. Abin da ƙasa ta nuna ya yi daidai da abin da baƙon nan ya faɗa. Shi ya sa yawancin masana sunka yarda Azelik ita ce Takadda. Ko a jiharmu akwai irin wannan wuri. A Azawak, arewa da Tawa, akwai kufan In Teduk, inda anka samu ragowar masallatai da kaburburan Musulmi. Wurin da muke gani hamada yau, malamai sun taɓa zama can suna karantarwa.

Mu dawo gida Adar. A Agadas malamai sun aje rubuce-rubuce na sunayen sarakunan Abzin da yaƙoƙinsu. Wani Bafaranshe mai suna Urvoy ya fassara su, anka buga a 1934. Da taimakon irin waɗannan takardu anka san cewa a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Mubarak, ya ci Adar da yaƙi. Kafin nan ƙasar tana bin Kabi. Daga baya Agabba ya yi sarauta a Agadas, da anka tuɓe shi ya dawo Adar ya zauna. Daga gare shi gidan Sarkin Adar ya fito. Sun fara zama Birnin Adar, sannan sarauta ta koma Illela.

To, ga abin lura. Takardun Agadas daga gefen fada sunka fito. Labarin sarakuna suke badawa, da wanda ya ci yaƙi. Ba ruwansu da manomin da anka iske a gonarsa. Azna kuwa, waɗanda sunka riga kowa zama cikin duwatsun Adar, ba su bar littafi ba. Tarihinsu a baki yake: cikin kirari, da jerin sunayen kakanni, da labarin wanda ya fara saran daji ya kafa gari. Wannan ita ce shaida ta uku. Ko labarin Tawa daga baki munka same shi, cewa ƙauyuka biyu ne, Bilbis da Fakawa, sunka haɗu sunka zama gari, tun kafin zuwan Nasara.

Baki kuma yana da nasa ciwo. Ana mantuwa, ana ƙari, kuma kowa na son a ce kakansa ne ya riga zuwa. Saboda haka mai bincike ba ya tsayawa ga mutum guda. Zai ji ta bakin wannan gida, ya ji ta wancan, ya gwada. Tsoho ba ya ba ka shekara da lamba, amma akwai dabara. In ya ce an haifi ubansa lokacin yunwar Kakalaba, mun san 1913 zuwa 1914 ke nan. In ya ce shekarar yaƙin Kawsan, mun san 1916 zuwa 1917. In ya jera kakanni, ana lissafa kamar shekara 30 tsakanin uba da ɗa.

Haka Farfesa Djibo Hamani ya yi aikinsa. Ya karanta takardun Larabci, ya bi garuruwa yana sauraren tsofaffi, ya auna wannan da wancan. A 1975 ya fitar da littafinsa kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara. Jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. A shekarar nan kuma wata Bafaransa, Nicole Echard, ta buga nata kan abin da mutanen ƙauyukan Adar ke riƙe da shi na tarihinsu.

Yanzu ina namu aikin? Shaidun nan suna ƙarewa a gabanmu. Tsofaffi na tafiya da abin da ke cikin kansu. Gara da ruwan damina na cin takardun malamai cikin gafaka. Wasu kuma na tone kufai su sayar da abin da sunka samu. Tukunyar da anka cire daga inda take, ba a rubuta wurin ba, ta zama shaidar da anka yanke wa harshe.

Ku da kunka iya rubutu, ku sami littafi guda. Ku zauna da tsoho ko tsohuwa, ku ce: Baba, Inna, wa ya kafa garinmu? Daga ina ya fito? Wace rijiya anka fara ginawa? Ku rubuta yadda sunka faɗa, kada ku gyara masu magana. Ku sa sunan mai faɗi, da garinsa, da ranar. In wani ya faɗi daban, shi ma ku rubuta. Takardun gida kuwa a naɗe su da tsumma mai tsabta, a aje bisa, nesa da danshi.

Tambayoyi

1. Me Ibn Battuta ya ce game da kuɗin mutanen Takadda?
2. Wa ya ci Adar a 1674, kuma daga ina ya fito?
3. Don me ba a dogara ga shaida guda?
4. Akwai kufai kusa da garinku? Ku tambayi sunansa, ku rubuto.