Goro, Shanu da Amana: Darasin da Masana Tattalin Arziki Suka Koya Daga Zangunan Hausawa na Kurmi

A unguwar Zango ta Agege, arewa da tsakiyar birnin Legas, akwai wani irin ciniki wanda ya girmi mafi yawan bankunan ƙasar nan. A can ne Hausawa suka daɗe suna tara goro suna ɗaure shi huhu-huhu zuwa Arewa, kuma ba nisa daga nan, a Oko-Oba, inda babbar mayankar Jihar Legas take, ake sauke shanun da suka fito daga kasuwannin Arewa da Nijar da Chadi. Dukiya mai yawa tana wucewa daga hannu zuwa hannu a irin waɗannan wurare, galibi bisa bashi, ba tare da takardar yarjejeniya ko lauya ko jingina ba. Tambayar da ta daɗe tana jan hankalin masana ita ce: mene ne ke hana wanda ya karɓi kaya bashi ya gudu da su?

Wannan tambaya tana cikin fannin ilmin da ake kira siyasar tattalin arziki, watau nazarin yadda iko da dokoki da al'adu ke tsara samun dukiya da rabonta. Amsar da masana suka samo a zangunan Hausawa na ƙasar Yarabawa ta zama ɗaya daga cikin hujjojin da ake kafawa idan ana muhawara a kan ci gaban ƙasashe masu tasowa.

Yadda goro ya kawo Hausawa Agege

A ƙarni na 19, fataken Hausa daga Gwanja suke sayo goro, musamman daga kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau. Ayari yakan yi watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu, yana yada zango daga gari zuwa gari. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola na shekarar 1980, ya nuna cewa ƙungiyoyi uku ne suka fi riƙe wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari.

Abubuwa uku suka karkato da hanyar. Na farko, bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, sa'an nan yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa kasuwar. Na biyu, layin dogo ya tashi daga Legas ya kai Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma ya ratsa ta Agege. Fatake irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda Ba'agale ne, suka riƙa ɗauko goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko. Na uku, manoman Kurmi da kansu suka shiga shuka goron Gwanja. A Agege, manyan manoma irin su Jacob Kehinde Coker sun kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Da koko suka fara, daga baya goro ya bazu a gonakin Agege da Ota da Shagamu. Da gona da tashar jirgi suka haɗu a wuri guda, sai masu sayen goro suka zauna, zango ya zama unguwa, har aka naɗa Sarkin Hausawa.

Matsalar da zango ya warware

Masanin da ya fi kowa bayyana yadda wannan tsari ke aiki shi ne Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Badun a 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ko da yake a Badun ya zauna, bayaninsa ya shafi sauran zangunan da ke kan hanyar goro da shanu, har da Agege da Shagamu.

Cohen ya fara ne da halin kayan kansu. Goro ɗanyen kaya ne: sai an tsince shi, an jera shi cikin ganye, an riƙa duba shi saboda ƙwari da bushewa, kuma farashinsa a Kano yana hawa yana sauka cikin 'yan kwanaki. Shanu kuwa, idan suka shigo Kurmi, ƙudan tsando na iya sa musu sammore, saboda haka mai shanu ba shi da halin ya tsaya jiran farashi, kuma ba zai iya mayar da su gida ba. Mahautan da za su saya ba su da tsabar kuɗi. Sai sun yanka sun sayar da nama kafin su biya. A lokacin binciken, kimanin shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun kowace shekara, kusan dukkansu bisa bashi na 'yan makonni.

Ke nan baƙo daga Arewa zai miƙa dukiyarsa ga mutumin da bai sani ba, wanda ba ya jin harshensa, a garin da ba shi da kowa. Mai masauki, wanda ake kira maigida ko fatoma, shi ne ya cike wannan giɓi. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi. Yana da dillalai da yara waɗanda suka san kowane mahauci da halinsa wajen biyan bashi. Abin da ya fi muhimmanci, shi ke tsayawa lamuni: idan mahauci ya kasa biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma haka la'ada take a wannan ciniki.

Shi maigidan, me ke hana shi cin amana? Dukiyarsa gidaje ce a cikin zango, ba zai iya ɗaukarsu ya gudu ba, kuma darajarsu ta dogara ga baƙin da ke sauka. Labarin cin amana ɗaya ya isa ya bi jirgi zuwa Kano, baƙi su koma wani gida. Mahaucin da ya ƙi biya kuwa, dillalai sukan haɗa baki su daina sayar masa. Idan rigima ta taso, Sarkin Hausawa da malamai ne ke sasantawa cikin gaggawa, ba tare da jiran kotu ba.

Cohen ya ƙara da wani bayani wanda ya jawo muhawara. A ganinsa, Hausawan Sabo suna ƙarfafa al'adarsu ne domin ita ce katangar da ke tsare musu cinikin. Ya lura cewa a daidai lokacin da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Sabo, a wajen 1951 zuwa 1952, mutanen unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya da yawa, suka kuma ware masallacin Juma'arsu. Wasu na ganin ya rage wa addini matsayinsa da ya fassara shi da ciniki. Sai dai binciken Lovejoy ya ƙarfafa wani ɓangare na hujjar, domin ya nuna cewa asalin Agalawa da Tokarawa daga ƙasar Abzinawa ne, Kambarin Barebari kuma daga Barno. Fatauci da zama ne suka mai da su Hausawa.

Matsayin binciken a ilmin tattalin arziki

Tsohon ra'ayin masana ci gaba na shekarun 1950 da 1960 shi ne cewa irin wannan ciniki ragowar zamanin da ne, zai shuɗe da zarar masana'antu da bankuna sun yawaita. Bincike ya nuna akasin haka. Keith Hart, wanda ya yi nazarin baƙin Arewacin Ghana a unguwar Nima ta Ankara, ya fito da kalmar da yanzu ake kiran sana'o'in da ba su cikin rajistar gwamnati da ita, a maƙalarsa ta 1973. A Agege kanta, Adrian Peace ya zauna da ma'aikatan masana'antun Ikeja a farkon shekarun 1970, ya tarar cewa burin da yawansu shi ne su tara jari daga albashi su fita su kafa sana'ar kansu.

Daga baya masana tattalin arziki suka ba wa abin suna. Douglass North, wanda ya sami lambar Nobel a 1993, ya koyar da cewa ban da kuɗin samar da kaya, akwai tsadar ƙulla ciniki: neman labarin farashi, sanin halin abokin ciniki, da tilasta masa cika alkawari. Inda wannan tsada ta yi yawa, ciniki ba ya yiwuwa ko da akwai mai saye da mai sayarwa. Avner Greif ya nuna yadda wasu fataken Yahudawa na Tekun Bahar Rum a ƙarni na 11 suka rage wannan tsada ta hanyar ƙaurace wa duk wakilin da ya ci amanar ɗayansu. Idan aka duba, abin da dillalan kara ke yi wa mahaucin da ya ƙi biya ke nan. Saboda haka maigidan zango yana yin aikin da banki da kamfanin inshora da kotu ke yi a wasu ƙasashe.

Iyakar wannan tsari

Masu nazari sun yi gargaɗi kada a ɗauki tsarin a matsayin maganin kowace cuta. Da farko, amanar tana aiki ne a cikin da'irar waɗanda suka san juna, don haka wanda ba shi da maigida yana wahalar shiga, kuma jarin ba ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. Sau da yawa idan babban maigida ya rasu aka raba gado, gidan ciniki yakan watse. Bashin 'yan makonni yana isa a sayar da shanu, amma ba ya isa a gina ɗakin sanyi ko masana'antar sarrafa nama.

Na biyu, tsarin yana jin jiki idan tattalin arzikin ƙasa ya girgiza. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar Naira ta faɗi, tsadar kaya ta riƙa cin jarin mai ba da bashi. Kate Meagher, wadda ta yi nazarin masu ƙera takalma da tufafi a Aba, ta nuna a littafinta na 2010 cewa matsin wannan zamani ya raunana ƙungiyoyin sana'a, domin mutane sun yi yawa a kasuwa, riba ta ragu, kuma hukuncin ƙauracewa ya daina tsorata kowa.

Na uku, kuma mafi haɗari, idan ciniki ya bi layin ƙabila, rigimar kasuwa takan rikiɗe ta zama rikicin ƙabilanci. An ga rikicin ƙabilanci a Shagamu a watan Yuli na 1999, inda ramuwar gayya ta biyo baya a Kano, da Ketu a Nuwamban wannan shekara, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da kasuwar Mile 12 a Maris na 2016. Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Farashin nama da tumatir da albasa ya tashi a Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka yi kwantai a hannun manoma. Asarar ta faɗa wa ɓangarorin biyu.

Ina matsayin gwamnati?

Wani bincike na baya-bayan nan ya taɓo wannan batu. Shelby Grossman ta yi nazarin kasuwanni kusan 200 a Legas, ta wallafa sakamakon a littafi a 2021. Ta gano cewa shugabannin kasuwa sun fi yin adalci da tsare haƙƙin 'yan kasuwa a inda suke fuskantar barazanar shisshigin hukuma, domin a nan suna bukatar goyon bayan mabiyansu. Inda ba mai sa musu ido, wasunsu kan koma tatsar waɗanda suke shugabanta. Wannan ya rushe zaton da ake yi cewa kasuwa ta fi gyaruwa idan hukuma ta kawar da kai gaba ɗaya.

Manufofin gwamnati kuma suna iya taɓa jijiyar tsarin ba da niyya ba. Sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022 ya haifar da ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, abin da ya fi cutar da kasuwannin dabbobi na ƙauye inda mai saniya ba ya karɓar komai sai kuɗi a hannu. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sufuri, ga kuma harajin da ake karɓa a shingaye barkatai tsakanin Arewa da Legas. A ɗaya gefen, wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun rage bukatar maigida wajen ajiyar kuɗi da kawo labarin farashi, amma ba su maye gurbinsa wajen lamuni ba, domin waya ba ta biyan bashin mahaucin da ya karye.

Darasin da masu tsara manufofi za su ɗauka a fili yake. Bankin da ke son ba 'yan kasuwar goro da shanu rance zai fi samun nasara idan ya bi ta hannun masu masauki da ƙungiyoyinsu, tun da su ne ke riƙe da sanin wanda ke biya da wanda ba ya biya. Hukuma kuma ta ɗauki nauyin abin da zango ba zai iya yi wa kansa ba: tsaron rai da dukiyar baƙo, haraji guda sananne a maimakon shingaye, kotun ƙananan basussuka mai saurin yanke hukunci, da jigilar kaya ta layin dogo, wanda tun farko shi ya kafa Zangon Agege. Su ma 'yan kasuwar akwai nasu aikin, watau rubuta bashi, yi wa gidan ciniki rajista domin ya rayu bayan mai shi, da shigar da abokan ciniki na wasu ƙabilu cikin kwamitocin sasanta rigima tun kafin rigimar ta taso.